Yadda ake zaman karatu a Birtaniya: salla, cima, tafiye-tafiye da amsa tambayoyin addini

Wannan bayani na ɗalibin da ya samu gurbin karatu a Birtaniya ne, kuma bai taɓa zama a ƙasar da Musulmi ba su da rinjaye ba. A ƙidayar 2021 Musulmin Ingila da Wales miliyan 3.9 ne, wato kashi 6.5 cikin ɗari, waɗanda suka ce ba su da addini kuwa sun kai kashi 37. Masallatai suna nan, naman halal yana nan. Amma ba ladanin da zai tashe ka da asuba, ba malamin da zai tsayar da lacca saboda La'asar ta yi. Duk abin da gari yake yi maka a Kano ko Damagaram ba ka sani ba, a can kai za ka tsara wa kanka, kuma makon farko ne lokacin tsara shi.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Takardu: fasfo, takardar CAS, wato ta tabbatar da gurbin karatu, da jami'a ta aiko, shaidar gwajin tarin fuka daga asibitin da gwamnatin Birtaniya ta amince da shi (wata 6 take aiki), takardun makaranta na asali, da adireshin masaukinka a rubuce a takarda. Biza yanzu tana cikin asusunka na UKVI, hukumar biza ta Birtaniya, a intanet, don haka ka tabbatar kana iya shiga asusun kafin ka tashi, kuma lambar fasfon da ke ciki ita ce ta wanda ke hannunka. Duka waɗannan a jakar hannu suke zama.

Kayan ibada: sallaya marar nauyi da za ta naɗu ta shiga jakar littattafai, huffin fata guda biyu, ƙaramar buta ta roba ta ɗaki, gorar ruwa mai rabin lita ta fita waje, da manhajar lokutan salla a waya.

Sutura: kaftani biyu ko uku na Juma'a da Idi sun isa. Rigar sanyi mai kauri da takalmin da ruwa ba ya shiga, a can za ka saya, don abin da ake sayarwa a gida da sunan rigar sanyi ta hunturu ce, ba ta ruwan sama da iska ba. Shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji da shagon tufafi na Primark sun fi araha. Filogin lantarki irin na Najeriya ne mai ƙafa uku. Wanda ya taso daga Nijar zai buƙaci mahaɗi.

Abinci: garin kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, daddawa, a ɗaure su da kyau a rubuta sunan kowanne. Kilishi, dambun nama, man shanu da duk abin da aka yi da nama ko madara, doka ta hana shigo da su. Kwastan za su ƙwace, kuma ana iya cin tara. Hajiya za ta so ta cusa maka kilishi a ƙasan akwati. Ka ba ta haƙuri tun a gida. Magani kuma ya zo cikin kwalinsa da takardar likita, musamman irin su tramadol da doka ta sa wa ido. Ƙullin garin magani marar suna yana jawo dogon bincike. Kuɗin hannu in ya kai fam 10,000 sai an bayyana shi.

MATAKI NA 1: Zaɓen masauki

Kafin ka biya ko kwabo, buɗe taswira ka auna tafiyar ƙafa daga gidan zuwa wurare uku: ajinku, masallaci mafi kusa, da shagon nama. In masallaci ya wuce minti 20 a ƙafa, a watan Disamba ba za ka je Asuba da Isha'i ba, komai ƙarfin niyyarka.

A Ingila kuɗin ajiya da mai gida zai karɓa ba ya wuce hayar mako 5, kuma dole ya saka shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Kada ka tura kuɗi ga wanda ka gani a Facebook ba ka ga ɗakin ba. In ba ka da wanda zai duba maka, fara da ɗakin kwanan jami'a. Ka tambaya tun farko ko gidan na maza zalla ne ko mata zalla, don a can haɗa maza da mata a gida ɗaya da kicin ɗaya abu ne na yau da kullum. Cikakken ɗalibi ba ya biyan harajin gida na ƙaramar hukuma, amma sai ya karɓo takardar shaida daga jami'a ya miƙa.

MATAKI NA 2: Ayyukan makon farko

Ka yi rajista a jami'a, ka karɓi wasiƙar buɗe asusun banki, ka sayi layin waya. Ka yi rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP, tun kana lafiya. Kuɗin lafiyar da ka biya tare da biza ya riga ya ɗauki nauyin ganinsa. In zazzaɓi ya kama ka a watannin farko, ka faɗa da bakinka cewa daga ƙasar da ake maleriya ka zo, don ba ita ce za ta fara zuwa ran likita ba. Lambar gaggawa 999, ta shawarar lafiya 111, ta 'yan sanda in ba gaggawa ba 101.

Rana ba ta da ƙarfi a can. Hukumar lafiya ta NHS tana ba masu duhun fata shawarar shan bitamin D, maikirogiram 10 kullum, duk shekara.

Aiki: mai karatun digiri yana da awa 20 a mako lokacin zango, ba a tara na wannan mako a kai wancan. Bizar ɗalibi ba ta yarda da sana'ar kai ba, don haka kai saƙon abinci a matsayin mai zaman kansa ko sayar da atamfa ta WhatsApp na iya jawo a soke ta.

A makon nan kuma ka nemo ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta jami'ar, wadda ake kira ISoc, da ofishin limamai da fastoci na jami'a. Su ne suka san inda ɗakin salla yake, da lambar buɗe ƙofarsa, da inda ake Juma'a.

MATAKI NA 3: Daidaita salla

Nan ne aiki yake.

Alƙibla. A gida gabas ake fuskanta da ɗan karkatawa arewa. A Birtaniya kudu maso gabas ce, kusan digiri 119 daga arewa a Landan, 118 a Manchester. Kamfas ɗin waya yana ruɗewa kusa da ƙarfen ɗumama ɗaki da kwamfuta, don haka ka auna a tsakiyar ɗaki, ka sake aunawa a waje, sannan ka sa alama a bango. In ba waya: lokacin da Azahar ta shiga rana tana kudu sak, ka fuskance ta, ka juya hagu kamar kashi biyu cikin uku na hanyar zuwa gabas.

Lokuta. A ƙarshen Disamba rana tana fitowa a Landan wajen 8:04 ta faɗi wajen 3:53. Azahar tana shiga wajen 12:00, La'asar kafin 2:00, Magariba kafin 4:00. Salloli uku cikin awa huɗu, kuma a tsakiyar lokacin lacca. Maganinsa shi ne ranar da aka ba ka jadawalin darussa ka ajiye shi gefe da jadawalin salla, ka sa alama a kowace rana inda za ka samu minti 10. Ka fito daga gida da alwala. In ɗakin salla ya yi nisa, ajin da ba kowa ko lungun laburare ya wadatar, sai dai kada ka tare hanya ko ƙofar fita ta gobara.

A ƙarshen Yuni abin ya juye: fitowar rana 4:43, faɗuwarta 9:21, a Glasgow har bayan 10:00. Daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli dare ba ya gama yin duhu, alamar Isha'i da ta alfijir ba sa bayyana yadda littafi ya faɗa. Shi ya sa masallatai suke ƙiyasi, kowanne da hanyar da ya ɗauka: wani ya raba dare biyu, wani ya raba shi bakwai, wani ya bi ranar ƙarshe da alamar ta bayyana. Sai ka ga masallatai biyu a unguwa ɗaya sun bambanta da fiye da awa ɗaya a Asuba. Ka zaɓi masallaci ɗaya amintacce ka bi jadawalinsa duk shekara, ka gyara manhajarka ta dace da shi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar Isha'in wannan masallaci saboda tana da wuri, da Asubar wancan saboda tana da latti. Majalisar Fatawa ta Turai ta yi sauƙin haɗa Magariba da Isha'i a waɗannan makonni ga wanda jira zai cutar. Ka tambayi limamin garinku kafin ka ɗauka.

Ana mayar da agogo gaba da awa ɗaya Lahadin ƙarshe ta Maris, a dawo da shi Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Tsakanin waɗannan lokacinku ɗaya da Najeriya, sauran watanni kuna baya da awa ɗaya.

Alwala. Banɗakinsu ba a zuba ruwa a ƙasa, sau da yawa ma ba magudana. Ɗora ƙafa a kwamin wanke hannu da barin ƙasa jiƙe shi ne abin da ya fi jawo wa ɗalibai Musulmi ƙorafi. Nan huffi yake amfani: ka yi cikakkiyar alwala da ruwa a gida, ka sa shi, in ta karye sai ka shafa a kansa. A Malikiyya sai na fata. Wasu malamai sun yarda da safa mai kauri, kuma mafi yawansu sun iyakance wa mazauni yini da dare. Don tsarki ka shiga da gorarka, ka goge duk inda ruwa ya taɓa kafin ka fito.

Masallaci. Mafi yawan masallatan asalin masu su Pakistan ne da Bangladesh da Indiya, mabiya Hanafiyya. La'asarsu tana shiga a makare, sai inuwa ta ninka tsawon abu biyu, shi ya sa wasu jadawalai suke nuna La'asar biyu. Ta farko ce wadda ka saba. Wutirinsu raka'a uku ce a haɗe. Kai ma in ka saki hannu a salla za a kalle ka, wani dattijo ma ya zo gyara maka. Ka ce masa da ladabi mazhabar Imamu Malik kake bi, yawanci maganar a nan take ƙarewa. 'Yar'uwa, ke kuma ki tambaya kafin ki tafi, don ba kowane ƙaramin masallaci ne yake da sashen mata ba. Manya irin na Whitechapel a gabashin Landan, da na Regent's Park, da babban masallacin Birmingham, da na Cambridge da aka buɗe a 2019, suna da shi.

Juma'a ranar aiki ce. Yawanci ana yin ta tsakanin 12:30 da 2:00, masallatai da yawa suna yin jam'i biyu ko uku. In ta ci karo da darasi, rubuta wa malamin tun makon farko ka nemi a mayar da kai wani rukuni. Dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna bambanci saboda addini, amma ba ta ce dole a ba ka duk abin da ka nema ba. Wanda ya nema da wuri a rubuce shi ake yi wa.

MATAKI NA 4: Kicin da kasuwa

Nama: nemi mahauci Musulmi. Za ka ga tambarin ƙungiyoyi biyu masu tantance naman halal, HMC da HFA. HMC ba ta yarda da sumar da dabba kafin yanka ba, HFA tana yarda da wasu nau'o'insa matuƙar dabbar tana da rai lokacin yanka. Ka tsayar da matsayarka sau ɗaya ka huta. Manyan shaguna irin Tesco da Asda suna da sashen halal a unguwannin da Musulmi suke da yawa.

Kayan gwangwani da na leda sai an karanta bayansu. Kalmomin da za ka haddace su ne pork, ham, bacon, lard, gelatine, wine, beer, rum. Gelatine, wadda ake samu daga fata da ƙashin dabba, ita ce ta fi yaudara, tana cikin alewa mai danƙo da wasu nau'o'in yogot da kek. Hanya mafi sauri ita ce duba alamar da ke nuna masu ƙin cin nama za su iya ci, sannan ka duba ko akwai giya, don alamar ba ta hana giya. A shagon kifi da dankali ka tambayi man da suke suya da shi da abin da suka kwaɓa fulawa da shi, saboda wasu da kitsen shanu suke suya, wasu da giya suke kwaɓi.

Abin da ba ka samu ba yana da madadi. Gajeriyar shinkafar da suke kira pudding rice tana yin tuwo mai kyau: kofi 1 da ruwa kofi 3, wuta kaɗan, a tuƙa in ta yi luguf. Shagunan Indiyawa suna da garin gero da sunan bajra, da kuɓewa, da tsamiya. Garin geron da yogot marar sukari sun ba ka fura. Manja, attaruhu, zoɓo da busasshen kifi suna shagunan 'yan Afirka. A Landan unguwar Peckham ce cibiyarsu.

A kicin na tarayya ka ware tukunyarka, kaskonka, wuƙarka da sosonka, ka ajiye a ɗaki ko durowarka. A firji ka nemi bene na sama don kada wani abu ya ɗigo a kan naka. Ka yi wannan bayani a rana ta farko cikin fara'a, kada ka bari sai ran da ka ga an soya naman alade a kaskonka. Turaren wuta kuma yana tayar da ƙararrawar gobara, ya fitar da mutanen bene gaba ɗaya cikin sanyi. Rufe na'urar gano hayaƙi da leda laifi ne da ake korar mutum a kansa. Turaren shafawa ya wadatar.

MATAKI NA 5: Azumi da Idi

Azumi yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2015 da 2016 ya faɗo a Yuni, ana kai awa 18 zuwa 19. Yanzu ya nufi lokacin sanyi, yini gajere. Ganin wata ana saɓani: wasu masallatai suna bin Saudiyya, wasu Maroko ko ganin ƙasar. Sanarwar Sarkin Musulmi ta mutanen gida ce. Kai ka bi masallacin da kake salla. Ka nemi hutun Idi tun da wata guda, ka ce ɗayan kwana biyu ne, don ba ranar hutu ba ce a can.

Layya ba a yin ta a bayan gida. Yanka sai a mayankar da ke da lasisi. Ko ka ba mahauci oda tun da makonni, ko ka tura kuɗi gida a yanka maka.

MATAKI NA 6: Tafiye-tafiye

Motoci hagu suke bi, don haka dama za ka fara dubawa kafin ka tsallaka titi. Bas ɗin Landan ba ya karɓar tsabar kuɗi. Katin banki ko Oyster, katin sufurin Landan, ake taɓawa sau ɗaya a shiga. A jirgin ƙarƙashin ƙasa ana taɓawa a shiga da fita, da kati ɗaya, in ba haka ba a cire maka kuɗi mafi yawa. A tasha ka miƙa hannu bas ya tsaya, ka danna ƙararrawa kafin inda za ka sauka.

Jirgin ƙasa yana da tsada in an saya ranar tafiya. Katin 16-25 Railcard yana rage kashi ɗaya cikin uku, kuma cikakken ɗalibi da ya wuce 25 ma yana samu da shaidar jami'a. Tikitin Advance, wanda ake saya tun kafin tafiya, shi ne mai araha, amma na jirgin da aka rubuta ne kaɗai. Shiga wani jirgin da shi kamar shiga ba tikiti ne, kuma tarar a Ingila fam 100 ce ban da kuɗin tafiyar. In aljihu ya yi sanyi, motocin National Express da FlixBus suna zuwa manyan garuruwa. Ranar Kirsimeti jiragen ƙasa ba sa aiki, manyan shaguna a rufe; ka yi cefane tun 23 ga wata.

Sallar tafiya: a Malikiyya ƙasaru tana farawa daga tafiyar kimanin kilomita 80, kuma in ka yi niyyar zaman kwana 4 ka cika. Landan zuwa Birmingham ko Manchester ta wuce haka. Ka haɗa Azahar da La'asar kafin ka hau ko bayan ka sauka, ya fi ka tsaya a hanyar wucewar jirgi. Filayen jirgin sama irin Heathrow da Manchester suna da ɗakin ibada na kowa da kowa. Kada ka bar jaka ita kaɗai ka tafi alwala.

Bizar Birtaniya ba ta shiga Faransa, ba ta shiga Dublin ta ƙasar Ireland. Wuƙa kuma ba a yawo da ita. Ƙarama mai naɗewa marar makulli da ba ta wuce inci 3 ba kaɗai doka ta bari.

MATAKI NA 7: Maganar addini da mutanen gari

Doka ba ta hana ka bayyana addininka ko kiran wani zuwa gare shi ba. Al'ada ce take da nata sharaɗi. Bature yana ɗaukar addini kamar albashinsa, ba a tambayarsa kai tsaye. Tambayar "wane addini kake bi?" a haɗuwar farko tana sa ya ja baya, kuma murmushinsa da cewa abin da ban sha'awa ba yarda ba ce, ladabi ne. Saboda haka tsarin shi ne su tambaya, kai ka amsa. Kuma za su tambaya: ranar da ka ƙi zuwa mashaya, ranar da aka ga sallaya a jakarka, ranar da ba ka ci abincin rana ba.

Ka shirya amsoshi tun a ɗaki, da Turanci mai sauƙi, kowacce kada ta wuce minti ɗaya. Tambayoyin ba su da yawa. Ko ruwa ba ka sha? Me ya sa sau biyar? Tilasta miki aka yi ki rufe kai? Me kuka ce game da Yesu? Mene ne Boko Haram? Ka amsa da abin da kai kake yi da dalilinka, ka guji kalmomin Larabci da ba ka fassara ba. A kan Annabi Isa, alaihis salam, da yawa ba su san akwai sura ta 19 mai sunan mahaifiyarsa ba, kuma nan ne wurin farawa mafi kyau da Kirista. Ka faɗi inda aka haɗu, ka faɗi inda aka rabu ba tare da ɓoyewa ko zagi ba. A kan Boko Haram kada ka fusata. Ka gaya masa coci-coci da masallatai duka suka kai wa hari, har da babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamban 2014. In ka gama ka yi shiru. In ya ƙara tambaya ka ƙara, in ya koma maganar ƙwallo ka bi shi. Aya ta 125 a Suratun Nahli da ta 256 a Baƙara su ne ma'aunin: hikima, kyakkyawan wa'azi, ba tilas.

Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, za ka tambayo. Gado, haddi, jihadi, auren Nana A'isha, maganar luwaɗi: waɗannan ba a amsa su a tsaye a bakin kicin da rabin ilimi. Haɗa mai tambaya da limamin jami'a ya fi.

Gayyata ta fi muhawara aiki. Ka dafa dafa-duka ka kira abokan kicin buɗa-baki, ka gaya musu ƙarfe nawa za a sha ruwa, ka tambayi ko akwai wanda gyaɗa take yi wa illa, don a can wannan na iya kisa, kuma yajinmu da ƙuli-ƙuli ake yi. Majalisar Musulmin Birtaniya tana shirya ranar buɗe masallatai ga baƙi tun 2015, ƙungiyoyin ɗalibai ma suna yin makon gabatar da Musulunci kowace shekara. In za ka kai baƙo masallaci, sanar da liman, ka gaya wa baƙon za a cire takalmi da irin suturar da ta dace, ka samar masa wurin zama a baya. Wanda ya nemi abin karantawa, tarjamar Abdel Haleem ta 2004 Turancinta a miƙe yake. Ka bari sai ya nema.

In su suka gayyace ka, ka amsa abin da za ka iya. Cin abincin Kirsimeti a gidan abokin karatu, ka faɗi abin da ba ka ci tun da wuri. Mashaya ita ce majalisarsu. In ba za ka shiga ba, ka kawo madadi da bakinka, shagon shayi ko gidan abinci, don kada a ɗauka mutanen kake gudu. In ba ka musafaha da mata, ko ke da maza, hannu a ƙirji da murmushi da jimla ɗaya ta bayani, kafin hannun ɗayan ya daɗe a miƙe. Shaidun Jehobah za su ƙwanƙwasa ƙofa. Godiya da sallama sun isa in ba ka son zama.

Wuraren da ba a yi: wurin aiki lokacin aiki, musamman aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya da ɗalibai da yawa suke yi. Yi wa wanda kake kulawa wa'azi laifin kora ne. Haka yaran mutane ba da izinin iyayensu ba. Kafa tebur a titi sai an tambayi ƙaramar hukuma, a cikin jami'a kuma sai ta hannun ƙungiyar ɗalibai. Dandalin masu jawabi na Hyde Park ranar Lahadi wurin ƙwararrun 'yan jayayya ne da kyamara a hannu. Je ka kalla, kada ka shiga.

Ka kula da wayarka. Boko Haram da Ansaru suna cikin ƙungiyoyin da dokar ƙasar ta haramta, an ƙara Hizbut Tahrir a Janairun 2024. Nuna goyon baya gare su laifi ne, tura bidiyonsu ma na iya zama laifi. Ka kashe saukar da bidiyo kai tsaye a rukunonin WhatsApp na gida, kuma duk wanda ya jawo ka wani karatu na ɓoye da masallaci bai san da shi ba, ka rabu da shi.

MATAKI NA 8: In wani ya ce zai musulunta, ko wani ya ci zarafinka

Na farko, ka tabbatar ya fahimci ma'anar kalmar shahada kuma ba don aure ko kunyarka yake yi ba. Ka kai shi masallaci mai ajin sababbin Musulmi, a ba shi takardar shaida, za ta yi masa amfani wajen aikin Hajji da aure. Kada ka ɗora masa canjin suna da sutura da rabuwa da danginsa. Alwala da Fatiha da salla ne farko. Ka neme shi ranar Idi, don ranar ce ya fi zama shi kaɗai. In maganar aure ta taso, ɗaurin aure a masallaci kaɗai sau da yawa ba ya zama aure a dokar Ingila sai an yi rajista.

Na biyu, in an zage ka a titi ko an ja miki hijabi, kada a rama. Ka matsa inda mutane suke, ka riƙe lokaci da wuri da lambar bas ko jirgi, don akwai kyamarori. In akwai haɗari kira 999, in abin ya wuce kira 101 ka ce saboda addininka aka yi, don a rubuta shi a matsayin laifin ƙiyayya. A cikin jirgin ƙasa ana tura saƙon tes ga 'yan sandan sufuri a 61016. Ka kuma sanar da ofishin kula da ɗalibai na jami'a a ranar, a rubuce, ka ajiye lambar rahoton da 'yan sanda suka ba ka.